Kwalekwalen da Muka Ceto

Daga tsibiri, ranar Lahadi

Zuwa ga 'yata Malama,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya maigidan naki Injiniya, yaya jikokina Gimbiya da Auta? Ina fata an gama jarrabawa lafiya, kin ajiye jan biro kin huta. Ni lafiyata ƙalau, ci nake kamar gara, ido ne kawai ya ƙi. Ki yi haƙuri da waɗannan manyan baƙaƙe, ba na ganin layi, hannu ne ke tafiya da ka.

Na san za ki ce wane irin Kawu ne wannan da sai shekara ta zagayo ake jin ɗuriyarsa. Ki tuna dai kakarki da mahaifiyata 'ya'yan wa da ƙani ne, a tabarma ɗaya suka tashi. Masu bin diddigi za su ce mun yi nisa, ni kuwa ban taɓa jin nisan ba.

Ga maganar. Likita ya sa ranar Juma'a zai cire mini yanar ido, ya ce kuma in zauna kusa da asibiti sati biyu da 'yan kwanaki. Ku kuma ga hutun bazara ya zo, yara na ƙunshe a bene kamar kaji a akurki. Me zai hana mu yi musaya? Ni in tare a gidanku wajen Injiniya, ku ku zo ku sha iskar tafki. Jirgin Dogo na ƙetarowa Litinin da Alhamis, shi ke kawo kaya da wasiƙu, don waya a nan ado ce kawai. Ku biyo na Alhamis, ni in bi shi in fita.

Makulli na ƙarƙashin tsohon bokiti. Gidan shi kaɗai ne a bayan tsibiri, babu mai damunku. Kaji shida ne, a ba su tsaba safe da yamma, a yi hankali da jar, ba ta da mutunci. Kada yara su wuce farin dutse in suna wanka.

Kwalekwalen da na ba ki labari bara, na gama shi. Wata takwas ina haɗa shi da yatsu, har yau ban gan shi sosai ba. Masu zaman benci a matsayar jirage suna cewa tsoho ya makance, kwando zai haɗa ya kira shi kwalekwale. Abin ya ci mini rai, 'yata. Shekara arba'in da ɗaya ina wannan aiki, babu kwalekwalena da ya taɓa jiƙa wa mutum ƙafa. Wannan shi ne na ƙarshe, don hannu ya fara rawa. Burina in dawo da sabon ido in gan shi a kan ruwa, su ma su gani.

Naki,
Kawu

*

Daga tsibiri, ranar Lahadi

Kawu,

Barka da war haka. Ina fata an yi aiki lafiya, Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau. Auta ta yi baƙi kamar gindin tukunya, Gimbiya kuwa, wadda a gida ba ta taka ƙasa babu takalmi, yau kwana uku ban ga takalmin nata ba.

Ka gan ni ranar Alhamis ina saukowa daga jirgin Dogo ina murmushi, to na ƙarfin hali ne. Idona a rufe na ƙetare tafkin nan. Dogo na ta ba ni labari, ni ina ta salati, na rungume buhun albasar wani kamar shi ya haife ni. Ni da ruwa sai a kofi.

Amma Kawu, wannan wuri! Ka buɗe taga da safe, ruwa har inda ido ya tsaya, babu ƙararrawar makaranta, babu mai cewa Malama ya ɗauke mini fensir. Na yi barcin rana har da munshari, in ji yara. Jiya sun ɗauki fatsarka suka yini a kan dutse, suka kamo kifi ɗaya tak, tsawon ɗan yatsa, suka kafe sai an soya shi an raba uku. Jar kazarka ta kora Auta har cikin ɗaki, yanzu kuma sun zama aminai.

To gyara zama, ga albishir. Na so in ɓoye sai ka dawo, cikina ya kasa riƙewa. Ranar Juma'a da safe Gimbiya ta rugo tana haki, ta ce, "Mama, kwalekwalen Kawu ya nutse!" Muka ruga lungun bayan rumfar aikinka. Ga shi kwance a cikin ruwa, bakinsa kawai ake gani, an cika cikinsa da duwatsu. Nan take na gane aikin masu zaman bencin nan ne, sun jira ka juya baya. Na ce ba a gabana ba.

Muka shiga ruwa, ni har ƙugu, ka ji fa. Duwatsu arba'in da uku muka fitar, Auta ce ta ƙirga. Muka kwarfe ruwan da bokiti da tukunya har ya taso. Sannan na jera gumaguman nan da ke jingine a rumfa, muka mirgina shi a kansu zuwa tudu. Darasin da nake koya wa 'yan aji biyar na yadda ake tura nauyi, ranar ya yi mini rana. Mun ajiye shi a yashi inda zafi ya fi dukansa, kullum muna juya shi kamar kifi a kan wuta. Ya bushe ƙayau, in ka ƙwanƙwasa har amsawa yake. Ban gaya wa kowa ba, kada maƙiya su sake dawowa.

Ka kwantar da hankalinka, amanarka na hannun 'yarka. Ka gaishe mini da Injiniya, ka ce kada ya ba ka girkinsa fiye da sau ɗaya a rana.

Taka,
Malama

*

Daga bene, ranar Lahadi

'Yata Malama,

Ina gaishe ki, ina gaishe da jikokina. Wannan rubutu mai kyau ba nawa ba ne, ni ke faɗa, surukina Injiniya ke rubutawa. An yi aiki lafiya. Kafin in gama shirya tsoro har sun gama. An rufe idon da auduga, likita ya ce ba karatu, ba sunkuyo, ba tashin hankali, sai Asabar za a buɗe. Ɗayan idon kuwa kin san shi, hazo ne kawai.

Gidanku ya yi, sai dai matakala hamsin da huɗu ce, na ƙirga, kuma kowace tana da magana da gwiwata. Da safe in na leƙa taga ba na jin ƙamshin ruwa, sai hayaƙin mota da muryar mai sayar da burodi. Injiniya mutumin kirki ne. Firijin unguwar nan duk ya gyara su, amma shayinsa sai haƙuri. (Kofi uku yake sha. Injiniya.)

Ban zauna haka kawai ba. Teburin da kike duba takardun yara yana ɗingishi, na shafa ƙafarsa na gane ciwon, na gyara. Furanninki na bakin taga kuma kullum ina ba su ruwa, sun yi kyau a hannu, ko ganye ɗaya bai faɗi ba. (Ban ce komai ba. Injiniya.)

Af, na manta ban faɗa ba, ko da yake abu ne da kowa ya sani. In kun ga kwalekwale kwance cikin ruwa a lungun bayan rumfa, ni na nutsar da shi na danne da duwatsu. Haka ake yi wa sabo. Sai ya sha ruwa katakon ke kumbura, kowane ya matse ɗan'uwansa, ko allura ba ta samun hanya. Ki ja wa yara kunne kada su taɓa. Babban abokin gabansa yanzu rana ce, in ta dake shi yana ɗanye katakon zai ja baya, wani ma ya murɗe ko ya tsage.

Ku ci kifi, ku yi wanka, ku manta da makaranta.

Naki,
Kawu

*

Daga tsibiri, ranar Litinin

Kawu,

Ina gaishe ka, ina maka ya jiki, in har ina da sauran bakin gaisuwa.

Yau da hantsi na miƙa wa Dogo wasiƙata ina washe haƙora, shi kuma ya miƙo mini taka. Sai da ya tayar da inji ya yi nisa na buɗe. Da na kai wajen "Af, na manta," na bi gaɓa a guje ina ɗaga gyale ina ƙwala masa kira ya dawo mini da wasiƙata. Shi kuma bawan Allah ya ɗauka bankwana nake, ya ɗago mini hannu.

Kawu, na yi ɓarna. Garin neman gira na rasa ido. Kwana uku cur kwalekwalenka na gasuwa a rana, kuma ni na gasa shi. Da muka koma na durƙusa na leƙa cikinsa, haske na shigowa ta tsakanin katako a wuri biyar. A wuri ɗaya har farcena ya shige. Abin da ya fi ba ni kunya, ni ce nake tsayawa gaban allo kowace shekara ina cewa yara, katako na kumbura in ya sha ruwa, shi ya sa ƙofa ke cijewa da damina. Na ba yara maki a kan wannan, da na gan shi a gabana ban gane shi ba. Ga alhakin masu zaman benci da na ɗauka a banza.

Mun mayar da shi yadda muka same shi, duwatsu arba'in da uku. Gimbiya ta yi kuka, ta ce ita ta fara gani. Na ce mata ita gani ta yi, ni na yanke hukunci.

Ranar Alhamis, a bakin gaɓa

Na riƙe wannan takarda kwana uku ina jiran jirgi. Dogo ya iso, ya sauke gishiri, ya sauke kananzir, ya zazzage jakarsa a gabana, babu ko layi ɗaya daga gare ka. Na san wasiƙata ta isa tun Litinin. Shiru ma magana ce, na kuma ji ta. Kana da gaskiya, Kawu. Ka ba ni gidanka da aikin wata takwas, na saka maka da wannan. In ka ce mu tattara mu bar maka gida kafin ka dawo, ba zan ga laifinka ba. Amma don Allah ka zage ni, ya fi mini wannan shirun.

'Yarka, in har yanzu ka yarda,
Malama

*

Daga bene, ranar Lahadi

'Yata, kuma 'yata har gobe,

Gaisuwa. Dubi rubutun nan da kyau, ƙanana ne kuma a kan layi. Nawa ne! Jiya aka buɗe ido. Ashe Injiniya yana da furfura, ashe bangon ɗakinku shuɗi ne.

Ki daina ɗora mini fushin da ban yi ba. Ga yadda aka yi. Wasiƙarki ta farko ta iso, mijinki ya zauna karanta mini. Na ji labarin buhun albasa, na ji na kifi, sai ya yi wani dogon tari, ya ce, "Ta ce a gaishe ka, shi ke nan." Na ce takarda biyu na ji a hannunka. Ya ce ai rubutun malamai ne, sun cika barin fili. Ashe tsoron maganar likita ya ji. Da na ce mu ba da amsa, ya ce biro ya ƙare. Gidan malama guda, biro ya ƙare! Ta biyun kuwa cewa ya yi ba ta zo ba.

Jiya da muka dawo asibiti na ce ba abin da nake so in fara karantawa sai rubutun 'yata. Ya miƙo su duka biyu, ya koma bakin ƙofa ya tsaya kamar mai shirin gudu.

Ba zan yi miki ƙarya ba, da na karanta na ɗauka aikin wata takwas ya tafi. Sai na sake bin wajen da kika ce kuna juya shi kamar kifi a kan wuta, na hango ki cikin ruwa har ƙugu, ke da ba kya shiri da ruwa sai a kofi, kina yaƙi da maƙiyana. Dariya ta ƙwace mini har Injiniya na roƙona in tausaya wa aikin likita. Shekaru nawa rabon da wani ya shiga ruwa saboda ni?

Laifin nawa ne. Na ba ki labarin jar kaza, na manta da kwalekwale. Baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ni ma jiya na ga furannin da nake ba ruwa kwana tara, ashe na roba ne.

Yanzu ga aiki, don ni likita bai sallame ni ba sai Litinin ta sama. Ranar Alhamis ya cika kwana goma a ruwa. Ku fitar da duwatsu, ku kwarfe, ku goge cikinsa da tsumma har ya bushe. Sai mutum ya shiga ya zauna daga hantsi zuwa azahar, don sai da nauyi yake faɗin gaskiya. Ki roƙi Dogo, ba sai ke ba. In katakon ja da baya kawai ya yi, ya koma ya matse. In ya murɗe, to babu magani, kuma ba ni da hannun sake wani. Ko me kika gani ki gaya mini yadda yake, ko da ɗaci. Kada ki yi mini irin tarin mijinki.

Naki,
Kawu

*

Daga matsayar jirage, ranar Alhamis

Kawu,

Gaisuwa a gurguje, Dogo na loda kaya yana harara ta. Muna lafiya. Barka da ido, barka, barka!

Kafin ka ci gaba, dakata ka shafa wannan takarda gaba da baya. Ka shafa? To saurara.

Tun Litinin na roƙi Dogo ya zagayo ta lungu yau, bayan na ba shi labarin ɓarnata ya gama dariyar da sai da ya zauna a ƙasa. Da sassafe muka fitar da duwatsu, muka kwarfe, muka goge. Ya taso yana rangaji a kan ruwa, ya yi duhu ya yi nauyi, ya yi kyau kamar ba shi muka gasa ba. Ka ce a sa Dogo ya zauna. Ban yarda ba, wanda ya yi ɓarna shi ke zaman jiran sakamako. Na ɗaura rigar nan mai hana nutsewa, na yi addu'ar da na sani da wadda ban sani ba, na shiga. Auta na riƙe da igiya a gaɓa tana cewa, "Mama, buɗe ido mana!"

Ban yarda da idona ba, ya riga ya yaudare ni sau ɗaya. Sai na yagi takarda daga littafin shirya darasi, na shimfiɗa ta a ƙasan kwalekwalen, daidai inda farcena ya shige, na danne da ɗan dutse. Takarda ba ta san kara ba, ɗigo ɗaya ya ishe ta ta tona asiri. Na zauna daga hantsi, rana na dukana, ina kallonta kamar mai gadin jarrabawa. Duk motsin ruwa sai in sunkuya in duba ta.

Da azahar Dogo ya iso. Ya leƙa, ya ce, "Malama, a ɗaura igiya?" Ban san lokacin da na ce a ɗaura ba. Yara suka hau nasa, ya ja ni a baya, muka zagaye tsibirin nan kaf, ta cikin iska da igiyar ruwa. Kawu, idona biyu a buɗe! Na ga tsuntsaye farare a kan duwatsu, na ga rufin gidanka daga ruwa, har na saki hannu ɗaya na ɗaga wa Gimbiya.

Masu zaman benci suna nan cike da bencinsu da muka iso. Na miƙe a cikin kwalekwalen, na ɗaga takardar sama. Wani mai farar hula ya sauko, ya karɓa, ya juya ta, ya sunkuya ya shafa ƙasan kwalekwalen da tafin hannu, ya duba hannun. Ya ce, "Wa ya haɗa?" Na ce wanda kuka ce zai haɗa kwando. Sai ya ce, "Tsoho bai tsufa ba." Na nemi gafararsu a kan zargin da na yi musu, suka yi ta dariya, yanzu duk tsibirin sunana Mai Gasa Jirgi.

Ita ce wannan takarda da ke hannunka. Awa huɗu ta yi a ƙasan kwalekwalenka.

Ranar Litinin za ka same shi ɗaure a matsaya yana jiranka, da mu a ciki.

Taka,
Malama

*

A kan teburinki, ranar Lahadi

'Yata,

Ina gaishe ki da dawowa gida. Lokacin da za ki ga wannan mun riga mun haɗu a gaɓa, na san kuma a gaban mutane ba abin da zan iya ce miki sai yaya kaji. Shi ya sa na bar ta a nan.

Makullin gidan tsibiri zai ci gaba da zama ƙarƙashin bokiti, kowane hutu naku ne. Kwalekwalen kuma ba na sayarwa ba ne. Na Gimbiya da Auta ne, ke kuma an yarda ki hau in kin yi alkawarin ba za ki sake cetonsa ba. Furanninki na ba su ruwan bankwana, mun saba.

Da takardarki ta zo na yi yadda kika ce. Na rufe sabon idon, na bi ta da yatsu kusurwa zuwa kusurwa, gaba da baya, don su suka yi wata takwas suna aiki a cikin hazo, su ya kamata su fara jin labari. A bushe take, 'yata. Sannan na buɗe ido na karanta.

Naki,
Kawu